Yadda Muka Yi wa Kwamfuta Ban Ruwa

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Duk mai hoton da ke zagaya ƙauyenmu da salla ya san halinta. Da ya ɗaga na'urarsa sai ta ja mayafi ta faɗa ɗaki, tana cewa ita ba 'yar takara ba ce da za a manna ta a jikin bango. Dariya muke yi a lokacin. Da Allah Ya karɓi abarsa muka birkice gidan kaf, ko ɗan mitsitsin hoto irin na katin asibiti ba mu samu ba.

Baba bai taɓa buɗe baki ya ce abin ya dame shi ba. Manomin rani ne, a hanyar Bunkure gonarsa take, kuma in ba zancen tumatir ko albasa ko rabon ruwa ba, magana tsada take masa. Amma ranar da Gwaggo, ƙanwarsa, ta zo da wani tsohon kaset ɗin bidiyo a ƙunshe cikin ɗankwali, da hannu biyu ya karɓe shi. Kaset ɗin bikin 'yarta ne da aka yi shekaru da dama baya, ta tsinto shi a ƙasan adaka.

"Tana ciki," in ji Gwaggo. "Da idona na gan ta sa'ad da muka kalla."

Na ce, "A wane wuri, Gwaggo? Farko ko ƙarshe?"

"Yo ina na sani? Wajen tukwane dai. Ina kuma za ka sami uwarka in ba wajen tukwane ba?"

A lokacin, tsakiyar shekarun dubu biyu ke nan, ina da ɗan shago a Kura, bakin titi, rufin kwano. Ina buga wa mutane takardu da katin ɗaurin aure, ina kuma kwafe bidiyon biki daga kaset zuwa faifan sidi. Kwamfutar da kaina na harhaɗa ta, ina ji da ita kamar amarya. Saboda haka aikin ya faɗo kaina. Na so in kai kaset ɗin wani babban shago a Kano, Baba ya ce atafau. Matan gidanmu ne a ciki, wasu ko mayafi babu, ba za a baje su gaban ƙattin birni ba alhali ya haifi mai kwamfuta.

Kaset ɗin kuwa ya yi fumfuna, fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Wani dattijo mai gyaran bidiyo a Kano ya goge min shi da hannu ina tsaye a kansa, sannan ya ja min kunne. Ya ce zaren ya ruɓe, duk wucewar da zai yi ta cikin inji sai ya bar wani abu a can. In na yi sa'a ya kunnu sau biyu. Kada in kuskura in tura shi gaba ko in ja shi baya da inji, sai dai da yatsa.

Na dawo da zumuɗina, na jona komai, na danna. Bazara ce, irin wadda kwanon shago ke ƙara shi kaɗai kamar ana jifansa da tsakuwa. Ba a gama nuna maza suna gaisawa a ƙofar gida ba kwamfutar ta yi wani ɗan kuka ta mutu ɗif. Abin da ta kwafa kuma ya tafi da ita. Na taɓa cikinta, wallahi sai da na yarfe hannu. Ga shi na ƙone dama ɗaya a banza, ko inuwar Inna ban gani ba. Na mayar da zaren baya da ɗan yatsa ina tsine wa kaina da kwamfutar da wanda ya ƙirƙiro rufin kwano.

Na gwada ta da wasu kaset-kaset da ba ruwana da su. Na cire mata murfi, na saita mata fanka, na gwada da sanyin safiya. Duk a banza, ba ta kai rabin biki take somewa. Bikin Gwaggo kuwa dogo ne, an cika kaset ɗin taf.

A wani shagon intanet a Kano na ga hotunan yadda Turawa ke sanyaya kwamfuta da ruwa. Tiyo ya shiga, tiyo ya fita, ruwa yana bi ta kan ƙwaƙwalwar kwamfutar yana kwashe zafi. Na tsaya ina kallo, na ce kai jama'a, ai wannan ban ruwa ne! A gidanmu aka haife shi. Na buga hotunan na kai wa abokina bakanike, wanda garejinsa ke bayan shagona. Shi irin mutanen nan ne da ba su taɓa cewa ba su iya ba. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Wannan? Kafin la'asar."

La'asar ɗin nan ta ɗauke mu makonni.

Abu na farko, ɗan ƙarfen da zai zauna a kan ƙwaƙwalwar. Muka sami guntun jan ƙarfe wajen 'yan gwangwan, mai walda ya fafe masa hanyoyi a ciki, ya rufe, ya fitar da bakuna biyu. Tiyo kuma muka sayi irin farin nan da magina ke duba lebur da shi, don mu riƙa ganin tafiyar ruwan. Bakanike ya zaro ƙaramin lagireto daga gawar wata tsohuwar mota. Wurin tara ruwa kuwa ba mu wahalar da kanmu ba, randa muka ɗauko daga gida, tunda tun kakanni aikinta ke nan.

A famfo muka sha wuya. Bakanike ya fara kawo ɗan injin da ke fesa wa gilashin mota ruwa. Ya yi ta kuka kamar sauro a kunne, kafin mu gama shan shayi ya fara ƙauri. Ya ce to ai dama wannan yaro ne, bari ya kawo babba. Ya kawo famfon fetur na mota, ya yanke wayoyin cikin kwamfutar ya ɗaura shi kai tsaye.

A nan sai na yi wa wanda bai sani ba bayani. A cikin kowace kwamfuta akwai wani akwatin ƙarfe da ke karɓar wuta daga bango ya raba wa sauran kayan, kowa gwargwadon cikinsa. Fawa-fak muke ce masa. Kamar uwar gida yake da tukunya, in baƙi suka yi yawa wani sai ya kwana da yunwa. Nawa an rubuta masa wat masu yawa, wato ma'aunin ƙarfin wuta, a jiki da manyan baƙaƙe, har da hoton walƙiya. Da famfon fetur ya ja nasa rabon, fitilun kwamfutar suka yi ƙifta-ƙifta, muka ji ɗas, hayaƙi ya biyo baya.

"Ƙarya suka rubuta," in ji bakanike, yana kore hayaƙin da hularsa.

Na ce, "Su suka rubuta ƙarya, kai kuma ka zo ka tona musu asiri a kan kayana. Allah Ya isa tsakanina da ku duka."

Wani ya ba ni sirrin sayen fawa-fak, ya ce kada in kula da rubutu, in ɗaga in ji nauyi, na kirki nauyi gare shi. Na tafi Kano na yi ta ɗaga akwatuna kamar mai zaɓen kankana, na zaɓo wanda ya fi kowanne nauyi. A hanya na ji wani abu yana ƙwal-ƙwal a ciki. Da na kwance shi, me zan gani? Guntun rodi, an manna shi da gam a gefe. Ashe waɗanda suka ƙera shi sun riga ni jin sirrin. A ƙarshe ɗan gwanjo na samu, wanda aka ciro daga tsohuwar kwamfutar wani ofis a ƙasar waje. Mummuna, ya sha ƙura, wat ɗin da aka rubuta masa ma bai kai na wancan ba, amma shi abin da ya faɗa shi yake bayarwa.

Daga nan na yi hankali. Na ce famfo ba zai ƙara cin tuwo a kwano ɗaya da ƙwaƙwalwa ba. Muka samo famfon da ake sawa a cikin na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wanda ke shan wutarsa daga bango, muka nutsa shi a randa. Fankoki biyu kawai na ɗora wa fawa-fak, su hura lagireto. Sai kuma lissafin janareto, don wutar gari ba abar dogaro ba ce. Injina ɗan ƙarami ne, mai hayaƙin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Zai ɗauki kwamfuta da allonta da bidiyo da talabijin da famfo, amma da ka ƙara masa fankar sama sai ya fara tari. Shi ke nan, aka kashe fankar mutane. Mu mu yi ta gumi, hajiya kwamfuta tana shan ruwan randa.

Ruwan farko bakanike ne ya ɗebo daga kanal a jarka, ya ce ruwan da ya raya shinkafar Kura ba zai gaza da akwati ba. Washegari tiyon ya yi kore, ga laka ta kwanta, ga kuma wani ɗan kwaɗo yana leƙo mu daga bakin randa. Muka wanke komai muka koma ruwan leda.

Duk wannan hidima Baba yana biye da ita, ko da yake bai taɓa yarda wai don ita yake zuwa ba. Kullum wucewa yake, zai je jin farashin taki. Sai ya zauna a benci ya naɗe hannu yana bin tiyo da ido.

Sai ka san Baba a kan ruwa kafin ka gane abin da ya biyo baya. A layinmu na kanal ba wanda bai san shi ba. In fangalinka ya cika ka tsaya surutu, zai taho ya zare maka tiyo ya toshe bakin da laka, ko kai wane ne, ya ce na ƙasa da kai ma bawan Allah ne. An sha kai ƙararsa wajen mai unguwa. A wurinsa shuka ta sha, ta ƙoshi, a yanke mata. Wanda ya bar ruwa yana ambaliya ko dai malalaci ne ko azzalumi.

Ran nan ya ce, "Malam mai kwamfuta, wai yaushe ake yanke mata ruwan?"

Na ce, "Ba a yankewa, Baba. Muddin tana aiki, sha take."

"Ba a yankewa?" Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Tumatir ma in ka yi masa haka ruɓewa yake. Ban san abin da ke shan ruwa ba hutawa ba sai kifi."

Na yi dariya, na nuna masa koren allon da ke cikinta, na ce, "Ku dai abin da za ku ji wa tsoro shi ne wannan. Ɗigo ɗaya ya faɗa a kansa, an gama. Har kaset ɗin ma sai dai haƙuri." Ya sunkuya ya daɗe yana kallon allon, ya gyaɗa kai.

Gwajin ƙarshe da wani tsohon kaset ɗin ƙwallo muka yi shi, tsakar rana. Ta cinye shi tas, na taɓa jan ƙarfen na ji shi kamar tulu. Ni da bakanike har da tafawa. Ranar duk wanda ya shigo buga takarda sai da ya sha labari.

Ranar aikin gaske Baba ya iso da hantsi a bayan ɗan acaɓa, sanye da rigarsa ta Juma'a alhali ba Juma'a ba ce. Bai ce komai a kan taki ba. Abin da ya fara yi shi ne korar bakanike.

"Baba, ni fa na haɗa famfon nan!"

"Allah Ya yi maka albarka. Matan gidana ne a ciki. Kama hanya."

Muka rufe ƙofa. Hadari ya fara haɗowa a kwanakin, iska ta yi nauyi, jiki yana danƙo. Don in ƙara samun kwanciyar hankali na sayo ƙanƙara wajen mai lemo a tsallaken titi na jefa a randa, abin da ban taɓa gwadawa ba. Bidiyon na jona shi gida biyu, waya ɗaya zuwa kwamfuta, ɗaya zuwa talabijin don Baba ya riƙa gani. Na yi bismilla na danna.

Kai, mai ɗaukar bidiyon nan Allah Ya shirye shi. Ya ɗauki maza suna gaisawa, ya ɗauki takalma a ƙofar masallaci, ya ɗauki wata akuya har ta gama cin ɓawon rake. Baba kuwa ya sami abin yi.

"Wannan ya rasu. Wannan ma ya rasu, Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki. Wannan yana nan, har yau bai daina ƙarya ba."

Muka wuce inda ta mutu a karon farko, muka yi nisa. Aka shiga cikin gida, mata suka fara bayyana. Baba ya matso bakin benci. Na leƙa randa na ga ƙanƙarar ta narke. Raina ya ce ƙaro wata, kada a zo gaɓar a sami matsala. Na ce, "Baba, ku sa min ido, yanzu zan dawo." Na tsallaka titi da gudu. Mai lemo kuwa ranar ya ga damar yi min yanga, sai da ya sallami wasu direbobi, sannan ya nemo zarton yanka ƙanƙara, sannan ya tsaya tambayata wai da gaske ne kwamfutata alwala take yi.

Da na turo ƙofa, allon kwamfutar baƙi ƙirin. Talabijin kaɗai ke aiki. Tiyon da ke shiga cikinta an lanƙwasa shi biyu, an ɗaure tam da igiyar roba, irin ɗaurin da na tashi ina gani a bakin fangali.

Baba ya juyo fuskarsa a sake, kamar wanda ya ceci yaro daga rijiya. "Allah Ya sa ina kusa. Ta ƙoshi tun ɗazu, har gumi take. Ga ruwa nan ya taru a jikin tiyon, saura ƙiris ya ɗiga kan allon nan naka. Na yanke mata."

Sanyin ƙanƙara ne ya sa tiyon raɓa. Gaskiyarsa, ɗigon yana nan yana reto. Amma da ruwa ya tsaya, zafi ya sake kashe ta. Ƙanƙarar da ke hannuna ta suɓuce ta fashe a ƙasa. Raina ya ɓaci, ya ɓaci ƙwarai, har na buɗe baki ban san me zai fito ba. Amma na tuna kaset yana tafiya. In na tsayar da shi yanzu, kwamfutar ta huce, sai mu ɗora daga nan. Na yi tsalle na miƙa hannu wajen bidiyon.

Baba ya cafke min wuyan hannu.

"Kada ka taɓa."

Ga ta nan. Wajen tukwane, kamar yadda Gwaggo ta faɗa. Ta sunkuya tana kwasar shinkafa da mara, hayaƙi yana bugun fuskarta, tana yi wa wata faɗa a kan ta cika wa kwano miya. Ta ɗago ta ga mai bidiyo. Ta laluba kafaɗa neman mayafi, babu. Sai ta ɗaga marar ta kare fuska, amma dariya ta ci ƙarfinta, ta sauke.

"Kai ɗan nan, kauce min da abin nan! Ka ma ci abinci kuwa? Ku zuba masa, ku zuba masa ya tafi."

Na san ya kamata in fizge hannuna in danna. Ban fizge ba. Yatsun Baba sun nutse a fatata. Shekarun nan duka ina tsammanin ina tune da muryarta, ashe na manta yadda take ja wa kalma wutsiya in tana tsokana. Muka tsaya a haka har mai bidiyo ya juya kan wasu 'yan mata masu guɗa. Sannan Baba ya sake ni.

Na tsayar da kaset, na kwance ɗaurin, na share raɓar, na jira kwamfutar ta huce. Ta tashi lafiya lau, mara kunya, kamar ba ita ba. Na ciro kaset ɗin na mayar da zaren baya da ɗan yatsa a hankali. Tun a nan na ga wani gari mai ruwan ƙasa yana biyo yatsana. Na mayar na danna. Talabijin ya cika da yayyafi, sai shuuu kawai kake ji. Na buɗe murfin kaset ɗin na ɗaga zaren wajen taga, ina hango hasken rana ta cikinsa.

Baba yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa.

"Ba ka kama ta ba?"

"Ban kama ba, Baba."

Ya dubi igiyar robar da ke ƙasa, ya dubi tiyon. "Ɗaurin nan da na yi ne?"

Na ce, "A'a. Fawa-fak ɗin ne ya gaza. Dama ɗan gwanjo ne, tun kafin ku taɓa ta ya sauke."

Ya dube ni. Ban san ko ya yarda ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. A waje an fara cida, janareto yana ta hayaƙinsa, famfo yana ta juya ruwa a randa. Na rasa abin da zan yi da hannuna, na hau tsince gutsattsarin ƙanƙara daga ƙasa.

Can ya ce, "Ka lura da zanin da ke jikinta?"

Na ce ban lura ba, fuskarta nake kallo.

"Ni na sayo mata shi a Kano, shekarar da albasa ta yi daraja. Ta ce kalar ta 'yan mata ce, in kai wa wata, ita ba za ta ɗaura ba." Ya sa gefen babbar rigarsa ya goge fuska, kamar gumi yake sharewa. "Ashe ta ɗaura."